Jar Alamar da Muka Goge

Da sunan Allah nake farawa, Mai rahama, Mai jin ƙai, wanda ya riƙe tsuntsu a sararin sama tun ɗan'adam bai yi tunanin ƙera fiffike ba.

Mai girma shugaban wannan taro, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai. Uwarmu Shugabar makaranta, ranki ya daɗe. Babbar baƙuwarmu kuma babbar yayarmu Kyaftin, wadda ta zauna a kan kujerun da muke zama kafin ta koma kujerar matuƙin jirgin sama. Malamanmu maza da mata. Iyayenmu da suka rufe shaguna, suka bar ofisoshi, suka sauke tukwane daga kan wuta domin su zo. 'Yan'uwana ɗalibai manya da ƙanana, har da na layin baya da nake jin dariyarsu tun ban buɗe baki ba: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga makaranta da ta ware mana wannan rana ta kimiyya. Ina godiya ga Malaminmu na kulob, wanda yake zama da mu bayan an tashi, alhali babu wanda ya tilasta masa. Ina godiya gare ku duka da kuka dawo cikin zauren nan bayan hutu, kun san wadda za ta yi magana, kuma kuka zauna.

Ku yi mini uzuri. Ni ba mai magana ba ce. A gida Kakata tana kirana Kunkuru, wai da an yi sallama sai in shige cikin ƙoƙona. Yau kuwa ina da dalilin shiga ƙoƙo fiye da kullum. Da aka fita hutu Malam ya same ni a ɗakin kulob, na raɓe tsakanin kabad da bango. Ya ce, "In kina so a tsallake sunanki a tsarin taro, zan faɗa musu. Babu wanda zai ga laifinki." Na girgiza kai, na ce a bar shi. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tunda kowa ya riga ya gani, gara in tsaya in yi bayani.

Ga waɗanda ba su iso da safe ba, ga abin da ya faru. Mu 'yan kulob ɗin kimiyya mun yi ɗan jirgin sama da kwali da katako, tsawonsa kamar hannuna. Mun manna tsohuwar wayar hannu a cikin cikinsa, muka ja kebul daga wayar zuwa tsohuwar kwamfutar ofis da aka ba mu. Idan ka karkata jirgin, hoton da ke kan allon kwamfutar sai ya karkata, kamar yadda matuƙi yake gani a gabansa. Da manyan baƙi suka zo teburinmu, Kyaftin ta ɗauki jirgin. Ni ce mai bayani. Saboda ba na iya haɗa ido da mutane, sai na kafe idona a kan allo, ban dubi kowa ba, ban dubi jirgin ba. Na ce da ƙarfi, yadda na haddace, "Kamar yadda kuke gani, yanzu jirgin yana tafiya daidai, bai karkata hagu ba, bai karkata dama ba."

Sai na ji dariya. Na ɗauka murna ce, na maimaita. Dariyar ta ƙaru. Da na waiwaya, ashe Kyaftin ta kifar da jirgin, ƙafafunsa suna kallon rufi. Allon kuwa yana nan yana nuna komai lafiya lau. Kyaftin ta ce, "Ƙanwata, in da ina cikin jirgin nan, da tuni shayina ya koma kan hulata." Aka sake dariya. Sannan ta sunkuyo ta yi mini tambaya a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. Ta ce, "Ina jar alamarku?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na hango Babana a bakin ƙofa, ya zo da sabuwar rigarsa, yana duban takalmansa.

Akwai wani abu kuma da ba kowa ya sani ba. A farkon zangon nan Shugaba ta kira mu ofis ta ce makaranta tana neman inda za ta tara karyayyun kujeru, kuma ɗakin kulob ne kaɗai ba a karatu a cikinsa. Ta ce, "Ku nuna mini abin da kuke yi a ciki ranar kimiyya. In na ga amfani, ɗaki naku ne. In ban gani ba, ku kawo mini makulli." Ba ta zalunce mu ba, gaskiya ta faɗa. Makullin yana cikin aljihuna yanzu, ina jin nauyinsa kamar dutse. Ɗaki ne ƙarami, taga ɗaya, tebur biyu, kabad mai ƙofa ɗaya, amma a nan ne yarinyar da ba ta iya ɗaga hannu a aji take iya riƙe sukudireba. Idan aka rufe shi saboda abin da ya faru da safe, ƙannenmu na aji ɗaya ne za su rasa, su da ba su yi komai ba.

To, an rubuta cewa zan yi magana a kan yadda allon matuƙin jirgin sama yake aiki, kuma a kai zan yi. Zan kawo abubuwa huɗu. Ina roƙonku ku bi ni a hankali, domin amsar tambayar Kyaftin tana cikin na huɗun.

Abu na farko: me matuƙi yake gani? A da, gaban matuƙi cike yake da ma'aunai masu kama da agogon bango, kowanne da hannunsa, kowanne da aikinsa guda. Wannan na gudu, wancan na tsawo, wancan na mai, wancan na zafin inji. Idonsa ya yi ta yawo kamar na uwa mai 'ya'ya goma a kasuwa. A jiragen zamani an tattara waɗannan a kan 'yan alluna masu kama da talabijin. Babban allon yana gaban matuƙi kai tsaye. Tsakiyarsa an raba ta biyu: sama shuɗi, shi ne sararin samaniya, ƙasa ruwan ƙasa, ita ce ƙasa. Layin da ya raba su shi ne inda sama ta haɗu da ƙasa. In jirgi ya ɗaga hanci, shuɗi ya yi yawa. In ya dunƙufar da hanci, ruwan ƙasa ya yi yawa. In ya karkata, layin ya karkata. A gefen hagu lambobin gudu suna hawa suna sauka, a gefen dama lambobin tsawo, a ƙasa kuma kamfas yana nuna inda aka dosa. Allo na biyu taswira ce, yana nuna hanya, yana nuna hadari a gaba. Na tsakiya kuma na injuna ne da mai da wuta da sauran kayan jirgi.

Wani zai ce, ba sai ya leƙa ta taga ba? Haka Kakata ta tambaye ni. Amsar ita ce, a cikin gajimare babu abin gani sai fari, kuma jikin mutum yana ruɗin mai shi. Jirgi zai iya karkacewa sannu a hankali, matuƙi yana jin kamar a miƙe yake. Saboda haka ake koya masa ya yarda da allo fiye da yadda ya yarda da jikinsa. Ku riƙe wannan maganar. Mutumin da aka ce ya yarda da kai fiye da jikinsa, amanar da ke kanka ba ƙarama ba ce.

Abu na biyu: daga ina allo yake samun labari? Allo shi kansa bai san komai ba. Ɗan aike ne, abin da aka ba shi yake kaiwa. A jikin jirgi kusa da hanci akwai ƙananan bututu da suke fuskantar iska. Ƙarfin iskar da ke shiga cikinsu shi yake nuna gudu. Akwai ƙananan ramuka a gefe da suke auna nauyin iska, domin iska tana raguwa in aka yi sama. Da wannan ake sanin tsawo. A ciki akwai na'urori masu jin juyi da karkata, manyan yayyen wadda take juya hoto a wayarku in kun kwantar da ita. Akwai mai sauraron tauraron ɗan'adam domin sanin wuri. A injuna akwai masu auna zafi da juyawa, a tankuna akwai masu auna mai. Kowacce tana mayar da abin da ta ji lambobi, ta tura ta cikin wayoyi zuwa kwamfutoci, sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Kwamfutocin su tace, su lissafa, su zana hoton da matuƙi zai gane da kallo ɗaya. Kuma ba allo kaɗai ke shan wannan labari ba. Na'urar da take tuƙa jirgi da kanta daga nan take sha, mai yin ƙararrawar gargaɗi daga nan take sha. Rijiya ɗaya ce, guga da yawa. In rijiyar ta gurɓace, duk gidan ya sha gurɓatacce.

Abu na uku: jirgi ba ya yarda da shaida ɗaya. Matuƙa biyu ne, kowanne da allonsa, kuma allunan ba daga wuri ɗaya suke jin labari ba. Akwai kwamfutar da take kwatanta su. In na hagu ya ce kaza, na dama ya ce wani abu dabam, sai ta ankarar da su cewa ga saɓani. Wa zai raba gardama? Akwai ɗan ƙaramin ma'auni na uku a gefe, mai zaman kansa, wanda aka tanada ya ci gaba da aiki ko da wutar sauran ta ɗauke. In allo ɗaya ya mutu, ana iya mayar da hotonsa kan wani. Launuka ma an raba musu aiki: kore lafiya, ruwan ɗorawa a kula, ja a tashi tsaye. Kuma duk da haka ana koya wa matuƙi kada ya kafe ido wuri ɗaya. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi waje in ana gani, ya tambayi abokin aikinsa. Wannan sakin layi ni na rubuta shi da hannuna makon jiya, na haddace shi, sannan da safen nan na tsaya na kafe ido a wuri ɗaya. Sani dabam, aiki da shi dabam.

Abu na huɗu, wanda shi ne ya kawo ni nan. Me allo zai yi in labari ya yanke? A ce waya ta tsinke, ko na'ura ta mutu. Hanya biyu ce. Ko dai ya riƙe hoton ƙarshe da ya samu, ya ci gaba da nuna shi kamar babu abin da ya faru, ko kuma ya share hoton ya fito fili ya ce ban sani ba. Masu ƙera jiragen gaskiya na biyun suke zaɓa. Allon yakan cire abin da ba shi da tabbas a kansa, ya ɗora alamar gargaɗi a wurin. A wasu jiragen jajayen layuka biyu ne da suka gitta juna. Da matuƙi ya gan ta ya san kada ya dogara da wannan, ya koma ga ɗaya allon ko ga ɗan ƙaramin ma'aunin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allon da ya ce ban sani ba yana ceton rai. Allon da ya yi shiru da tsohon labari yana murmushi, shi yake kai mutane ƙasa.

Malam ya koya mana wannan, kuma tun farko mun saka irin wannan alama a namu allon. Jar alamarmu tana nan, tana aiki. To, wayar da ke cikin jirgin, Yayana mai gyaran waya ne ya ba ni. Ranar da ya miƙo mini ya ce, "Ga ta nan, Kunkuru, amma bakin cajinta yana girgiɗi kamar haƙorin Kaka. Kada ki ce ban faɗa miki ba." Kaka ta ce daga kan tabarma, "Haƙorin nan ya tauna abin da ba ka taɓa gani ba, ɗan nema." Muka yi dariya, na manta da gargaɗin. Da muka haɗa, duk lokacin da aka juya jirgin da ƙarfi sai kebul ya motsa, labari ya yanke, jar alama ta fito ta rufe allo.

Iyayena, ban sani ba ko za ku gane abin da wannan alama take nufi a wurin ɗaliba. Tun muna firamare, jajayen layuka biyu masu gitta juna abu ɗaya suke faɗa mana: kin faɗi. Da su ake dawo mana da takardar jarrabawa, mu ninke ta mu tura ƙasan jaka. Da muke gwaji na ƙarshe, alamar ta yi ta fitowa, ƙawata da muke kira Rediyo ta dafe kai ta ce, "Wayyo, yanzu a gaban Shugaba da Kyaftin wannan abu zai yi mana jan biro? Ai za su ce tun ba a duba ba mun ba kanmu sifiri!" Abin da ke ran kowa ta faɗa. Wata ta ce a nemo sabon kebul, aka gwada, bai yi ba, tunda ciwon a bakin wayar yake. Sai muka yanke shawara, mu duka, ba mu gaya wa Malam ba, cewa a cire alamar, in labari ya yanke allo ya riƙe hoton ƙarshe. Ni ce na san wurin da aka rubuta ta a cikin kwamfuta, don haka yatsana ne ya goge. Allon ya yi kyau ƙwarai. Har tafi muka yi. Garin neman gira muka rasa ido.

Saboda haka, Kyaftin, ga amsar tambayarki: jar alamarmu mun goge ta ne don kunya. Mun ji kunyar a ga ba mu sani ba, sai muka sayo kunyar da ta fi ta girma. Na ji wani yana cewa a bakin ƙofa, "Wane irin malami ne ya koya musu wannan?" Ina roƙon wanda ya faɗa ya janye. Malam daidai ya koya mana.

Amma an ce in ruwa ya zube ya bar tulu, ya yi kyau. A lokacin hutun nan, bayan Malam ya fita, na share hawayena na zauna a gaban kwamfutar na mayar da abin da na goge. Ban gyara bakin wayar ba, domin ban iya ba. Yana nan yana girgiɗi. Abin da na gyara shi ne, yanzu in ya yi girgiɗin, za a faɗa mana.

Mai girma shugaban taro, ina neman izini a shigo da teburin. Na gode. Rediyo, ku kawo shi nan gaba, ku juya allon ya kalli jama'a. A hankali da kebul ɗin. Kyaftin, in ba za ki damu ba, ki sake riƙe mana jirgin. Wannan karon zan dubi allo, in dubi jirgi, in dube ku.

Ga shi a miƙe, layin yana kwance. Ki ɗaga hancinsa. Kun ga shuɗi ya yi yawa, jirgi yana hawa. Ki karkata shi dama. Kun ga layin ya karkata, kuma na duba hannunta, dama ɗin ce. Yanzu, Kyaftin, ki kifar da shi da ƙarfi kamar ɗazu.

Ga ta nan. Kun gan ta, ja wur, daga wannan kusurwa zuwa waccan. Allonmu yana cewa: labari ya yanke mini, ban san inda jirgin yake ba, kada ku dogara da ni. Ban taɓa zaton zan tsaya a gaban jama'a ina murnar ganin jan biro ba.

Ranki ya daɗe Shugaba, abin da muke yi a ɗakin nan ke nan. Ba mu ƙera jirgi ba, kwali ne. Ba mu ƙera allon da ba ya kuskure ba. Amma yau mun koyi yin allon da ba ya ɓoye kuskurensa, kuma da tsada muka koya. Alkawari ne cewa in ba ki ga amfani ba a kawo miki makulli, kuma ba ni ce zan ce kin gani ba. Ga shi, na ajiye a gabanki a kan tebur. Roƙona ɗaya ne: in za a hukunta, a hukunta mu manya da muka goge, kada a rufe wa ƙannenmu ƙofa.

Na'am, ranki ya daɗe? In ɗauka? Ku yi haƙuri, tafin ya hana ni ji. Ta ce in mayar da shi aljihu kafin ta canza shawara, kuma karyayyun kujerun mu ne za mu gyara su, tunda mun iya riƙe sukudireba. Mun ji, mun karɓa. Wallahi mun karɓa.

Allah ya saka wa Shugaba da alheri. Allah ya ƙara wa malamanmu haƙuri da mu, ya sa su ga amfanin wahalarsu. Allah ya tsare Kyaftin a duk inda ta tashi, ya sauke ta lafiya ita da duk wanda ta ɗauka, ya sa shayinta ya zauna a cikin kofi. Allah ya ja kwanan iyayenmu, ya sa mu zama abin da za su ɗaga kai su duba. Baba, na gan ka, ka daina kallon takalma. Allah ya ba mu, mu ɗalibai, ilimi mai amfani, ya ba mu ƙarfin halin cewa ban sani ba a ranar da ba mu sani ba. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya tarar da iyalinsa lafiya.

Na gode.